Ku Tambaya Mu Amsa: Zane, Fenti da Masu Zane

Assalamu alaikum. Na yi zane da fentin mai a kan kyalle, na gama shi cikin mako biyu. Bayan wata huɗu sai na ga ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, musamman inda na yi duhu. Fentin ne jabu, ko ni na yi kuskure?
*Daga wani mai koyon zane*

Wa'alaikumus salam. Malam, da wuya a ce laifin fenti ne, gaggawa ce ta jawo. Fentin mai ba ya bushewa irin ta wanki a kan igiya, domin babu ruwan da zai tashi daga cikinsa. Man linsid da aka kwaɓa garin launin da shi, iska yake sha yana tauri a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Shafe siriri kan ɗauki kwana 2 zuwa 12 kafin ya daina kama yatsa, amma mai kauri yana iya kaiwa wata shida ko shekara cikinsa bai gama kamewa ba. To idan ka ɗora shafen da ke saurin bushewa a kan wanda bai kame ba, na sama ya riga ya sandare, na ƙasa yana ci gaba da motsi, dole na saman ya dare.

Ƙa'idar ita ce kowane shafe ya fi na ƙarƙashinsa maiƙo. Na farko ka tsinka shi da tina kaɗai, ya zama siriri har ana hango saƙar kyallen. Na biyu ka haɗa mai kashi ɗaya da tina kashi biyu, ka riƙa ɗiga kaɗan a fentin. Na ƙarshe mai da tina daidai wa daida. Kauri kuma a sama yake zuwa, ba a ƙasa ba.

Da ka ce inda ka yi duhu ne ya fi tsagewa, muna zargin ruwan ƙasan nan da ake kira amba. Akwai sinadarin manganis a cikinsa, shi ya sa yake bushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali farin fenti mai kauri yana ɗaukar kwanaki da yawa. Siririn amba a kan ɗanyen fari, tsagewa ce ba makawa. Ka kuma duba bayan bututun farin da kake amfani da shi. In ka ga PW4, farin zinc ne, wanda ke gautsi idan ya tsufa. PW6 shi ne farin titaniyom, shi ya fi dacewa da shafen ƙasa.

Sai kyallen kansa. Mai yana cin zaren kyalle har ya ruɓar da shi, don haka ba a ɗora fentin mai a kan tsuran yadi. A shafa masa jeso, wato farin shafen share fage, sau biyu ko uku: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, a goge da samfefa mai laushi a tsakani, a bar shi kwana uku kafin a fara. Ana iya ɗora fentin mai a kan akirilik, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa mai saurin bushewa, amma akirilik a kan mai ɓarewa yake yi. Banish kuwa sai zanen ya yi wata shida.

Wanda ya riga ya tsage, kada ka cike shi da sabon fenti, tsagar za ta sake fitowa. Ko manyan gwanaye kayan aiki ba su ɗaga musu ƙafa ba. Leonardo da Vinci ya yi shahararren zanen bangonsa a birnin Milan na Italiya tsakanin 1495 da 1498 a kan busasshen bango, maimakon ɗanyen filasta yadda aka saba, kuma tun yana raye zanen ya fara ɓarɓashewa.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma dole mu faɗa: tsumman da ya jiƙe da man linsid, idan aka dunƙule shi a kwando, yana ɗumama har ya kama da wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe a waje, ko ka nutsar da shi a ruwa cikin gwangwani mai murfi. Tina kuma ba a aiki da ita a rufaffen ɗaki.

Duk lokacin da na haɗa shuɗi da rawaya, maimakon kore shar sai in samu wani abu kamar laka. Ina matsalar take?
*Daga wata ɗaliba*

Malama, babu shuɗi tsantsa a bututu. Kowane launi yana karkata wani ɓangare. Shuɗin altiramarin, mai lamba PB29, ya karkata wajen ja, ja kuwa shi ne kishiyar kore, yana kashe shi. Idan rawayar ma mai ɗan ja-ja ce, kin zuba ja sau biyu ke nan ba ki sani ba. Don kore mai haske ki nemi shuɗi mai lamba PB15 da rawaya mai ruwan lemon tsami, PY3. Shi altiramarin ki ajiye shi don shunayya, nan ne yake nuna kansa.

Ki fara da rawayar, ki riƙa taɓo shuɗin da bakin wuƙar haɗa fenti, domin PB15 yana da ƙarfi ƙwarai, ɗigo ɗaya kan rinjayi rawaya mai yawa. Kada haɗinki ya wuce launi uku. Ki ajiye kofin ruwa biyu, ɗaya na wankin buroshi ɗaya na tsinkawa, saboda sau da yawa lakar daga kofi take fitowa. In akirilik ne, ki sani yana ƙara duhu idan ya bushe, sai ki haɗa shi da ɗan haske fiye da yadda kike so.

Ina koyarwa a firamare. Yaran aji ɗaya da biyu suna zane da murna, amma daga aji huɗu sai su ce ba su iya ba. Wasu iyaye kuma suna ganin ɓata lokaci ne. Me zan yi?
*Daga wata malamar makaranta*

Abin da kika gani sananne ne. Viktor Lowenfeld, masanin koyar da zane, ya fasalta matakan zanen yara tun 1947: shekara 2 zuwa 4 kwashe-kwashen layi, 4 zuwa 7 mutum mai ƙaton kai da ƙafafu biyu, 7 zuwa 9 yaro ya tsayar da salonsa, ƙasa layi guda, sama layi guda. Daga 9 zuwa 12 idonsa ya buɗe, ya fara ganin abin da ya zana bai yi kama da abin da ke gabansa ba. Idonsa ya riga hannunsa ke nan, kuma nan ne yawanci suke ajiye fensir. A wannan gaɓar yabo kaɗai ba ya isa, dabara yake nema.

Ki koya musu kallo. Ki ajiye abu guda a tsakiyar aji, kofi ko takalmi ko ganye, haske yana zuwa masa ta gefe ɗaya. A darasin minti 40, biyar na farko babu mai taɓa fensir: ina ya fi haske, ina inuwa ta faɗi, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau nawa? Su miƙa hannu da fensir, su rufe ido ɗaya, su auna da babban yatsa. Minti 25 na aiki, goma na ƙarshe a jera takardu a duba tare. Ki karɓe abin gogewa a makonnin farko, don yaron da ke riƙe da shi gogewa yake yi ba zane ba. Kada kuma ki gyara masa a kan takardarsa, ki nuna a taki. Ranar fenti launi huɗu sun isa, ja da shuɗi da rawaya da fari, sauran su samo da kansu.

Iyaye kuwa a nuna musu littafin kimiyya da na lissafi. Yaron da ya iya auna kofi da ido shi zai zana fure da sassansa, ya karanta taswira, ya gane kashi ɗaya bisa uku a aikace. Kafinta da tela da magini da injiniya, duk da zane suke fara aiki. Muna ganin ba daidai ba ne a riƙa miƙa lokacin zane ga wani darasi duk sanda jarrabawa ta matso.

Shekarata 30. Na makara? Kuma gaskiya ne masu zane a talauce suke mutuwa?
*Daga wani ma'aikaci*

Ba ka makara ba. Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, yana da shekara 27 ya kama zane gadan-gadan a 1880, ya rasu a 1890, ya bar zanen fentin mai kusan 860. Labarinsa ne ya yaɗa batun talaucin, domin ƙaninsa Theo ne ke aiko masa da kuɗi kowane wata. Amma ba kowa haka ba. Mai zane Rubens yana da babban ɗakin aiki cike da almajirai a birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yau, ya yi arziki, sarakunan Ingila da Sifaniya suka karrama shi. Rembrandt, shi ma mai zane ɗan Holan, ya samu kuɗi sosai, bashin gidan da ya saya a 1639 da yawan sayen kayan tarihi ne suka karya shi a 1656.

Kada ka bar aikinka tukuna. Ka ba zane minti 30 kullum, wata shida na farko fensir da gawayi kaɗai, kamar yadda shi Van Gogh ya daɗe a kansu kafin ya riƙe buroshi. Idan aka fara ba ka aiki, ku rubuta girman zanen da ranar karɓa da yawan gyaran da aka yarda da shi, ka karɓi rabin kuɗin kafin ka sayi kyalle. Kowane zane ka ɗauki hotonsa da hasken rana, ka rubuta shekara da irin fentin a bayansa kafin ya fita daga hannunka.