Gizo a aji biyu, da ƙugiyar da ta faɗi a maɗaba'a

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga malaman firamare suka fito, da alama an dawo daga hutu kowa ya buɗe littafin aji ya ga abin da ya gani. To bismillah.

Wata malama daga Gusau ta ce littafin da aka raba musu na aji biyu an rubuta "labarai" a bangonsa, amma ciki Gizo ne da Ƙoƙi daga farko har ƙarshe, shin tatsuniya da labari abu ɗaya ne?

Malama ba ɗaya ba ne, kuma yaran ajinki sun fi wanda ya rubuta bangon nan sanin haka. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, ki ce ga ta nan ga ta nanku su ce ta zo mu ji ta, in an gama a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Wato da mai yi da mai ji duk an yarda ƙirƙira ce, shi ya sa kura za ta yi magana, Botorami ta yi aure, ba mai cewa kai haba. Shi labari ana ba da shi ne a matsayin abin da ya faru ko zai iya faruwa. Ƙissa kuwa ta annabawa ce da magabata, kada ki bari yaro ya ce ƙissar Gizo. Ku mutanen yamma ma ai gatana kuke cewa, daga wannan "ga ta nan" ɗin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sababbin littattafan nan da ake buɗe tatsuniya da "a wani lokaci can da ya wuce", wallahi ba kakar da ta taɓa fara wa jikanta tatsuniya haka, an ɗauko mabuɗin Turawa ne aka sa masa hula. In labari ne muna da "wata rana", muna da "an yi wani sarki", me ya yi zafi. Kuma in yaro ya ce miki ba a tatsuniya da rana wai mutum ɓata yake yi, kada ki ce masa camfi ne ki wuce, ki tambaye shi wa ya gaya masa, darasi guda ne wannan.

Wani ya ce littafai ne ko littattafai?

Duka ana faɗa, duka Hausa ce. Ni littattafai nake rubutawa. Asalin kalmar al-kitab ne na Larabci, wannan "l" ɗin ta farko ragowar "al" ce, kamar a lada da labari.

Wani hedimasta daga Bauci ya ce malamin Turancinsu ya koya wa yara cewa boko daga kalmar Turanci ta littafi, wato "book", aka samo ta, haka ne?

Wannan magana ta daɗe tana yawo har ta yi gemu, amma ba ta da tushe. Boko kalmar Hausa ce tun kafin Bature ya kafa makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, ma'anarta abin da ba na gaske ba, algus, yaudara. Ku tuna amaryar boko da ake ɗorawa a doki a yi ta kiɗa alhali amaryar gaskiya an bi da ita ta wata hanya, ku tuna biri-boko. Mutanen da suka saba da allo da ajami suka ga sabon karatu suka ce na boko ne, sunan ya bi shi. Paul Newman ya yi rubutu a kan haka a 2013 ya nuna ko ta fuskar sauti lissafin bai fita, don da aro ce da ba "o" za mu ji a ciki ba. A gaya wa malamin Turancin cikin lalama.

Wani malami daga Zariya ya ce shi bai ga abin tada jijiyar wuya ba a kan ɓ da ɗ da ƙ, ai mai karatu yana ganewa.

Kai kana ganewa malam, don ka shekara talatin kana karatu, kana cike giɓin da kanka ba ka ma sani ba. Yaron aji ɗaya ba shi da wannan jarin, abin da ido ya gani shi baki zai faɗa. Bara na zauna a bayan wani aji, ba zan faɗi makarantar ba, littafi mai kyau, takarda mai sheƙi, shafin hagu Hausa na dama Turanci, an rubuta "Audu ya bata littafi". Wata yarinya ta sa yatsa tana bi ta karanta ya ba ta littafi, na kusa da ita ya ce a'a ya ɓata littafi ne, suka kama musu, malamar ta leƙa shafin Turancin don ta raba gardama. Ka ji fa, sai an je Turanci a tambayo abin da Hausa ke nufi. Ɗayan laifi biyu ne a jimlar, ko dai an yar da ƙugiyar ɓ ko an haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Haka kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, daki da ɗaki, bari da ɓari, kowace da gidanta. Dama rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, fari na launi da fari na rashin ruwa duk rubutu ɗaya ne, wannan mun haƙura, to ɗan abin da ya rage mana kuma sai mu zubar? Waɗannan baƙaƙe masu lanƙwasa tun shekarun 1930 suke cikin littattafan da ake bugawa a Zariya, garinku, lokacin da sai an jera harafi ɗaya-ɗaya da hannu, yanzu da kowace waya ke da su sai a ce wai kwamfuta ce ta ƙi. A saƙon waya tsakanin manya ban ce komai ba, ni ma nakan yi sakaci. A littafin koyon karatu kuwa ban yafe ba. Kuma tunda an taɓo ni, "yana" haɗe take, "za a" rabe take, "akan" ta sabo daban da "a kan" tebur.

Wata ɗaliba ta ce me ya sa ake cewa magana jari ce, ba jari ne ba, tunda jari namiji ne?

Don "ce" ɗin magana take bi, ita ake ba labari. Jari shi ne uwar kuɗin da ɗan kasuwa ke juyawa, wato wanda ya iya bakinsa yana da abin ci da kansa. Abubakar Imam ya sa wa littafinsa wannan suna, na farko ya fito 1937 aka cika uku, kuma don 'yan makaranta aka yi shi. Da yawan labaran ciki daga Larabawa da Turawa da wasu ƙasashe ya samo su, amma ya sauya musu riga da suna da gari har ba ka jin ƙamshin baƙunta. Masu juya mana littattafan yara yau da za su zauna su ga yadda ya yi, da an daina kawo wa yaron Kazaure labarin dusar ƙanƙara da tuffa.

Wani daga Damagaram ya ce yana koyarwa a ajin Hausa da Faransanci, littattafan da ke zo musu daga Kano ana rubuta 'ya'ya, nasu kuma ƴaƴa, wanne zai koya wa yara?

Naku za ka koya musu, shi ne ƙa'idar Nijar kuma shi za su tarar a jarrabawa, sai ka nuna musu ɗayan don kada su tsaya cak in sun gamu da shi. Sauti ɗaya ne. Ku ai ba baƙi ba ne a wannan harka, a garinku aka fara makarantar gwaji mai harshe biyu a 1973. Inda za ka fi shan aiki kalmomin aro ne, mu muna cewa makaranta da malam ku ce lakwal da mushe, ka ga in yaron Kano ya karanta "mushe ya shigo aji" sai ya toshe hanci.

Na ƙarshe, wani ya ce a karin maganar nan karatu farkonka maɗaci ƙarshenka zuma, mene ne maɗaci?

Itace ne babba, ɓawonsa ɗaci kamar me, ana jiƙa shi a sha don ciwon ciki. Ka nemi mai maganin gargajiya a kasuwarku ya ɓantaro maka kaɗan ka kai aji su ɗanɗana.