Majami'un Lalibela gina su aka yi ko sassaƙawa?

Malam, ka tambaya ko da gaske ne babu bulo ko ɗaya a majami'un Lalibela. A asali dai, daga dutse aka sassaƙa su, ba gina su aka yi ba. Guda 11 ne a arewacin Habasha, ana danganta su da Sarki Lalibela na gidan Zagwe, wajen ƙarni na 12 zuwa 13. Daga sama aka fara aikin. Aka haƙa rami kewaye da dutse, sannan aka rarake cikinsa har ginshiƙai da tagogi suka fito. A cikinsu, majami'ar Bete Giyorgis ce ta fi ɗaukar hankalina: rufinta siffar gicciye, daidai da ƙasar da kake takawa, sai ka leƙa rami kafin ka hango ƙofa. Har yau Kiristoci mabiya Otodoks na ibada a ciki, musamman ranar Genna, wato Kirsimetin Habasha, 7 ga Janairu.