Kotun Ingila ta raba su, miji ya ce bai saka ba: za a iya ɗaura mata aure a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Daura ne. A nan gida aka ɗaura wa ƙanwata aure, mijin ya tafi da ita Ingila inda yake aiki. Zama ya ƙi daɗi, ya bar ta ba ci ba sha, ta kai ƙara kotun can aka raba su, aka ba ta takarda. Yau watanta bakwai da dawowa. Ɗan kawunmu da ke Damagaram ya fito yana so, dangin can kuma sun ce a kai ɗaurin auren wajensu, ba mai tambayar komai. Amma da na kira mijin a waya sai ya ce min: "Ni ban sake ta ba, ita da Turawanta ne." Baba ya ce ba za a motsa ba sai an ji ta bakin malamai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa Baba da alheri da ya taka burki.

Batun kai ɗaurin aure Damagaram don a kauce wa tambaya, ku cire shi daga lissafi. Igiyar aure ba ta tsinkewa don an ƙetare iyakar Najeriya da Nijar a Kwangwalam. Allah ya ambaci matan aure cikin waɗanda aka haramta aurensu a Suratun Nisa'i, aya ta 24, kuma ayar ɗaya ce a Daura da Damagaram. Abin dubawa shi ne: igiyar ta warware ko tana nan?

Ku fara ɗauko takardar ku karanta. Tun Afrilun 2022 dokar Ingila ta ba mutum ɗaya damar neman rabuwa ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba, ɗayan kuma ba ya iya hanawa don kawai bai so. Ana jiran mako 20 kafin takardar farko, sannan mako 6 kafin ta ƙarshe. Ta farkon ko a wajensu ba ta kashe aure. Sai ku duba wa ya shigar da ƙarar. Da mijin ne ya nema da kansa, ko suka nema tare ya sa hannu yana nufin rabuwa, da magana ta ƙare, domin a mazhabar Malikiyya saki a rubuce yana aukuwa idan akwai ƙudurin niyya. Amma a yadda ka faɗa, ita kaɗai ta nema, shi kuma yana musu.

A nan malaman zamani suka saɓa. Majalisar Fatawa ta Turai ta tafi a kan cewa hukuncin alƙalin da ba Musulmi ba yana zartuwa, bisa hujjar cewa wanda ya ƙulla aurensa a ƙarƙashin dokar ƙasar, kamar ya wakilta alƙalinta ne a kan abin da zai biyo baya. Wasu majalisun suka ce a'a, takardar ta gama ɓangaren doka ne kawai, sai a je wa Musulmi su gama na addini. Ni na biyun na fi natsuwa da shi a wannan mas'ala, don ko hujjar ta farko ba ta hau kan ƙanwarka sosai ba. Aurenta a ƙofar gidan Baba aka ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki, ba a ofishin rajistar Ingila ba. Yaushe mijin ya wakilta alƙalinsu? Saboda haka har yanzu a ɗauke ta matarsa ce.

Wannan ba ya nufin an bar ta rataye a hannun wanda ya ƙi ciyar da ita. Mazhabarmu ta fi kowace sauƙaƙa wa macen da ake cuta. Shehu Halil, babban malamin fiƙihun Malikiyya, shi ma ya kawo cewa inda babu alƙali, jama'ar Musulmi suna tsayawa a madadinsa, kuma da tana can, da na ce ta je majalisar shari'a ta Musulmin Landan. To ga ta a Daura, ga kotun shari'a, ba sai an yi nisa ba.

Kafin kotu, ku tura dattawa wajen iyayensa. Jimla ɗaya ake nema daga bakinsa, ko a waya a gaban shaidu biyu adilai, ko a rubuce da sa hannunsa. Sau da yawa irin wannan taurin kai na "ban saka ba" fushi ne na an kai shi gaban Turawa, kuma muryar mahaifi tana sauke shi. In ya nemi a mayar masa da sadakinsa kuma ta yarda, hul'i ke nan, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar da gonar da ya ba ta a gaban Annabi (SAW), a ruwayar Buhari. Sai dai ya sani, in shi ne mai cutarwar, kuɗin ba su halatta gare shi ba. In ya ƙi duka, ta shigar da ƙara. Alƙali zai aika masa sammaci, ya ba shi wa'adi, in ya tabbatar da rashin ciyarwa ko cutarwa ya raba auren ko mijin ba ya nan. Takardar Ingila da saƙonnin da ke wayarta duk ta tafi da su, za su taimaka wajen kafa hujja.

Inda na fi jin tsoro shi ne idda. Na san za a ce ai ta yi wata bakwai a gida. Waɗannan watanni ba sa shiga lissafi. Idda tana farawa ne daga ranar da ya furta sakin ko ranar da alƙali ya yanke hukunci: tsarki uku ga mai haila kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 228, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya raba auren Ɗulaiha da aka ɗaura tana cikin idda, ya hukunta cewa in an riga an tare, ba za su sake haɗuwa ba har abada, kuma a kan haka mazhaba take. Ka ga gaggawar mako kaɗan za ta iya raba ɗan kawunku da ita gaba ɗaya.

Ka gaya masa ya dakata da zuwa zance, kada a karɓi kuɗin gaisuwa, kada a sa rana. Idan idda ta cika, Baba ne waliyyi, ya ɗaura a Daura ko ya wakilta wani a Damagaram, duk daidai ne. Ku riƙe takardar kotun shari'a ku nuna wa limamin da zai ɗaura tun kafin a raba goro. Ta Ingila kuma ta adana ta, za ta buƙace ta in wata rana maganar biza ko ta 'ya'ya ta taso.

Wallahu a'alam.