Wai da gaske Louis Paul Boon bai yi karatu ba?

Tambaya: Malam, ƙanena yana aji biyar a sakandare, ya dage zai bar makaranta ya zama marubuci. Hujjarsa wani bidiyo ne a Facebook mai cewa Louis Paul Boon na Beljiyam mai fenti ne, bai yi karatu ba, amma ya shahara. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi. Haka abin yake?

Amsa: Allah ya kwantar mata da hankali. An haifi Boon a 1912 a Aalst, garin masaƙu a yankin Filandas, kuma ya bar makaranta yana da shekara 16 ya kama aikin fenti tare da mahaifinsa. Iyakar gaskiyar bidiyon ke nan.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu wa'azin nasara da ke sayar wa yara cewa rubutu baiwa ce tsagwaronta. Kullum sai na gamu da wannan maganar. Barin aji daban, barin karatu daban. Boon yana fenti da rana, da yamma yana zuwa makarantar koyon zane ta Aalst, rashin kuɗi ne ya raba shi da ita. Littafinsa na farko bai sami kyautar adabi ta Leo J. Kryn ba sai 1942, yana da shekara 30, bayan ya yi zaman fursunan yaƙi a Jamus a 1940. Shekara 14 ke nan da barin aji, ga mata ga ɗa, ga neman na tuwo. Wane bidiyo ne ya nuna wa ƙanenka wannan?

Kuma ai bai dogara da littafi shi kaɗai ba. Jarida ce ta riƙe shi: ya yi aiki a De Roode Vaan ta 'yan kwaminis, daga 1954 kuma ya koma Vooruit ta birnin Gent, inda ya daɗe yana rubuta shafinsa da sunan Boontje. Littafinsa Pieter Daens, wanda ya fito a 1971 kan fafutukar ma'aikatan Aalst da limamin coci Adolf Daens, shekaru ya kwashe yana tonon tsofaffin jaridu da takardun tarihi kafin ya rubuta shi. Wanda ya tsani karatu ba zai iya wannan zaman ba.

Kada ka hana yaron rubutu, kada kuma ka yi masa dariya. Ka saya masa littattafai, ya riƙa rubuta shafi ɗaya kullum bayan an tashi makaranta, ka karanta abin da ya rubuta. Maganar barin aji kuwa, a ajiye ta har ya zana jarrabawar fita.