Filin Tambaya da Amsa: Wuƙata tana ƙonewa, laifin gudu ne ko turi?

TAMBAYA: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan koyo ne a aikin injin tana, wato injin da ke juya ƙarfe ana yanka shi da wuƙa. Ina yanka rodi mai kaurin milimita 15 da wuƙar HSS (wuƙar yanka ta ƙarfe mai tauri) a kan juyi 600 lafiya lau, amma da na ɗaura mai kaurin 50 a wannan gudun dai, ƙarfen ma iri ɗaya, kafin in kai ƙarshe bakin wuƙar ya yi baƙi ya dakushe, sai wasawa nake ta yi. Wuƙar ce jabu ko me?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wuƙarka ba ta da laifin komai, gudun ne ya yi mata yawa. Lambar 600 da kake gani a jikin injin juyi nawa ne a minti ɗaya kawai, ita kuwa wuƙa ba ruwanta da wannan, abun da ya dame ta shi ne tsawon ƙarfen da ke wucewa ta bakinta a minti ɗaya. Rodin 15 a juyi 600 kusan mita 28 ne ke wucewa a minti, shi kuwa na 50 sai da ya kai wajen mita 94, to HSS a kan ƙarfe na gama-gari wajen mita 25 zuwa 30 take so, ka ga ka nunka mata fiye da sau uku kenan, dole ta ƙone tunda da zafin bakin ya wuce digiri 600 na Selsiyos ko kusa da haka taurinta tafiya yake yi.

Lissafin ba wuya. Ka ɗauki mitan da ƙarfen ke so ka ninka da 1000, sai ka raba da 3.14 sau kaurin rodin. A naka 30,000 a raba da 157, ya ba ka 191. Injinka ba lallai yana da 191 ba, sai ka ɗauki giyar da ke ƙasa da shi, kar ka ɗauki ta sama wai don ta fi kusa. Da wuƙar kabaid (wadda ta fi HSS tauri da jure zafi) kake aiki da mita 150 ma ba komai ba ne, wato juyi 950 da ɗoriya a kan wannan rodin.

Dalilin da ya sa nake cewa a sauka ƙasa, tun daga wajen 1880 zuwa farkon shekarun 1900 wani injiniya ɗan Amurka Frederick Taylor ya yi shekaru yana gwaji a kan yankan ƙarfe, ya nuna cewa a cikin abubuwa ukun nan, gudu da turi (wato yadda wuƙa ke matsawa gaba a kowane juyi) da zurfin yanka, gudu ne ya fi cin ran wuƙa nesa ba kusa ba. A lissafinsa in ka ƙara wa HSS kashi 20 cikin 100 na gudu, kwananta yana iya komawa kusan rubu'i. Shi ya sa in kana son aiki ya yi sauri fara da ƙara zurfin yanka, sannan turi, gudu shi ne na ƙarshe. A yankan farko turin 0.2 zuwa 0.4 na milimita a kowane juyi ya yi, na gamawa kuma 0.05 zuwa 0.1. Kuma ka riƙa kallon ɓarɓashin da ke fita, da HSS in ya fara yin shuɗi ka rage, da kabaid kuwa shuɗin nan alheri ne, zafin ne yake tafiya da shi.

TAMBAYA: Malam dan Allah me ya sa in ina huda sitenles (ƙarfen da ba ya tsatsa) da bakin diril na milimita 10 sai ya shiga kaɗan ya tsaya yana ƙara, alhali a hankali nake dannawa don kar ya karye?

AMSA: To ai a hankalin nan naka shi ne matsalar gaba ɗaya. Sitenles yana da wani hali, in baki ya goge shi bai yanka ba wurin ƙara tauri yake yi nan take, daga nan kuma sai bakin ya koma yana gugar wuri mai tauri, zafi ya taru tunda shi sitenles ba ya saurin watsa zafi, shikenan baki ya mutu. Mutane da yawa suna juya abun, su ba shi gudu sosai su danna kaɗan, alhali akasin haka ake so. Sauke gudun zuwa wajen juyi 400, ka sa man yanka, ka danna da ƙarfi ba tsayawa har ka ga ɓarɓashi yana fitowa a murɗe. In za ka ɗaga don fitar da shi ka ɗaga gaba ɗaya, kar ka bar bakin yana juyi a ƙasan ramin. Ramin da ya riga ya taurare kuwa sai da sabon baki mai kaifi, in akwai mai haɗin ƙarfen kobalt ya fi.

TAMBAYA: Injina yana kuka yana karkarwa in ina yanka dogon shaf, fuskar ta fito da layi-layi. Na rage turi amma abun ƙaruwa ya yi.

AMSA: Haka zai yi, rage turi sau da yawa ƙara karkarwar yake. Rage gudu, ka ɗan ƙara turi. Amma gaskiya kafin ka taɓa giya duba ɗaurin tukuna, in shaf ya fito daga cak (bakin injin da ke riƙe shi) fiye da kaurinsa sau uku ko huɗu sai ka tare shi da senta ta baya (tsinin da ke tokare ɗaya ƙarshen), wuƙar ma ka mayar da ita ciki kar ta yi tsini da yawa a waje, sannan ka tabbata bakinta yana daidai tsakiyar shaf ɗin, ba sama ba ƙasa.