Tambaya da Amsa: Wai waye Henry Shefflin, kuma wane irin wasa ne hurling?

Tambaya: Salam Malam. Na ci karo da wani bidiyo a YouTube, turawa suna gudu da sanduna suna dukan wata 'yar ƙwallo, an ce sunan wasan hurling, kuma wai akwai wani Henry Shefflin da ake ce wa Sarki. Don Allah a wane kulob ya yi wasa, kuma nawa aka saye shi? Daga mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To ai ba a taɓa sayensa ba, ko sisi, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni a harkar.

Hurling wasan mutanen ƙasar Ailan ne, mutum 15 kowane ɓangare, da sandar katako mai faɗin kai da ƙaramar ƙwallo da suke kira sliotar. In ta shiga raga maki 3, in ta bi ta saman sandar gola tsakanin turaku maki 1. Hukumar da ke kula da shi, GAA, tun 1884 aka kafa ta, kuma har yau 'yan wasa ba su da albashi, mutum zai buga fainal a filin Croke Park na Dublin gaban 'yan kallo sama da 80,000, bayan 'yan kwanaki ka gan shi ya koma wurin aikinsa. Shi kansa Shefflin aikin banki ya yi.

An haife shi a 1979, ɗan ƙauyen Ballyhale ne a gundumar Kilkenny, kulob ɗinsa kuwa Ballyhale Shamrocks, don a can yawanci kulob ɗin garinku shi ne naka, da ƙannenka da maƙwabta kuke bugawa, in ka yi fice sai gunduma ta ɗauke ka amma ba ka bar na gida ba. Ya fara buga wa babbar tawagar Kilkenny a 1999 ƙarƙashin koci Brian Cody, ya ci kofin All-Ireland, wato babban kofin ƙasa na gundumomi, sau 10, na farko a 2000 na ƙarshe a 2014, an zaɓe shi gwarzon shekara sau 3, a 2002 da 2006 da 2012.

Amma ni wallahi 2010 ce ta fi tsaya min a rai. Kilkenny sun ci kofin sau 4 a jere daga 2006 zuwa 2009, suna neman na 5, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan kusa da na ƙarshe da gundumar Cork, ciwon da kan zaunar da ɗan wasa wata da watanni, amma mutumin nan ya dage sai da aka fara fainal da shi, ko minti 15 bai yi ba gwiwar ta ƙi, ya fita, 'yan gundumar Tipperary kuma suka cinye su. Wasu suna cewa ganganci ne sa shi, ni dai ban ga laifinsa ba. Ya warke ya dawo ya ƙara cin kofi 3.

Ballyhale kuma, ɗan ƙauye fa, da shi suka zama zakarun kulob-kulob na ƙasa a 2007 da 2010 da 2015. A watan Maris na 2015 ya yi ritaya daga Kilkenny, daga baya ya zama kocin Ballyhale ɗin, ya ciyo musu kofin a 2019 da 2020.