Kwanan Hamada: Mi Za Mu Yi Da Kunama Da Maciji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar dabbobi ne, bayan damina muna son mu bi ta Ƙonni da Tawa har wajen Agadas ni da ƙannena biyu, kuma an ce mana wasu kwanakin a fili za mu yi su cikin rairayi. Ni wallahi kunama ta fi maciji ba ni tsoro don ta taɓa harbina ina yaro. Wani ya ce in zuba kananzir kewaye da shimfiɗa, wani ya ce in sayi baƙin dutse. Wanne zan ɗauka? Mai karatu daga Illela.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi kai ku lafiya. Kananzir ka bar shi a fitila, kuɗin baƙin dutsen kuma ka sayi tocila mai kyau da gidan sauro, sun fi maka amfani nesa ba kusa ba.

Su waɗannan halittu ba farautar mutum suke ba, da rana suna ɓoye ƙarƙashin dutse ko busasshen icce ko ramin kusu, dare ya yi su fito neman abinci, mu ne ke kai hannu ko ƙafa inda suke. Saboda haka ku yada zango tun da sauran rana, a fili fetal nesa da duwatsu da kututture, ku tara iccen wuta kafin magariba, don tsintar icce cikin duhu da hannu tsirara shi ne babbar hanyar gamuwa da kububuwa. Gidan sauron a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina, in da tanti a ja zif ɗin ko da minti ɗaya za a fita. Ragowar tuwo da tsabar gero kar a bari kusa da wurin kwana, su ke kiran kusu, kusu kuma shi ke kiran maciji. Fita fitsari da dare sai da takalmi rufaffe da tocila, musamman cikin rairayi inda akwai wani maciji mai ƙaho biyu bisa ido da ke binne kansa sai idanu kawai a waje. Da asuba kafin ka sa ƙafa cikin takalmi ka kife shi ka kakkaɓe, haka bargo da rawani da jaka, ni kaina na taɓa zazzage kunama daga takalmina a wani ƙauye wajen Gada, tun ranar ban sake yin ganganci ba.

Kunamar hamada kar girma ya ruɗe ka, 'yar rawayar nan mai siraran hannuwa ta fi duwu baƙi mugun dafi. In babban mutum ta harba yawanci raɗaɗi ne, a wanke wurin a sha farasitamol, amma in yaro ne, ko an ga zufa da amai da dalalar miyau da numfashi sama-sama, asibiti kai tsaye.

To batun saran maciji nan ne mutanenmu ke cutar da kansu. Kar a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, ɗaurin nan ya sa an yanke ƙafafun da da sun warke. Kar a tsaga, kar a tsotsa, baƙin dutse kuma ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a kwantar da mutum a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa mota, kar a ba shi asfirin ko Ibuprofen don suna ƙara zubar jini. Kububuwa mayaudariya ce, mutum yana zaune yana hira a ce ai ya ji sauƙi, ashe jininsa ya daina daskarewa, sai an ga jini a dasashi ko fitsari. A asibiti ɗan jini suke ɗiba su ajiye minti 20 a kwalba, in bai daskare ba a yi allurar karya dafi, ita ce magani, irin wadda ake yi a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe. Gamsheƙa in ta tofa a ido, ruwa mai yawa za a yi ta wankewa da shi nan take.

Addu'a kam kar a bari, a Sahih Muslim wanda kunama ta harba ne Annabi (SAW) ya koya wa "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ" da maraice. Ka karanta, sannan kowane zango kunka sauka ka tambayi direba ina ne asibiti mafi kusa, kuma awa nawa ne zuwa can.